Askin da Yaya Ya Yi wa Itacena

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasarmu, gidanmu na London tasha ya koma. Mijina likita ne, yana ƙaro ilimi a wani asibiti a Whitechapel, muna haya a wani ɗan siririn gida da ba shi da nisa da can idan ka hau tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya samu kwangila a Kano ko Kaduna sai ya tuna yana da ɗan'uwa a Ingila. Wasu su zo ganin likita, wasu sayen agogo da labule, wasu ban san abin da ya kawo su ba, kuma ba na jin su ma sun sani. Ni ce mai tuwo, ni ce mai shimfiɗa, ni ce mai raka matansu kanti in tsaya ina tafinta a kan takalmi. Ban ƙi baƙo ba, Allah ya sani. Amma a duk gidan wuri ɗaya ne nawa ni kaɗai, ɗan garden, wato ɗan lambun da ke baya, wanda tsawonsa bai fi tabarma shida ba. A tsakiyarsa na dasa itacen ceri.

Shekarar farko da na zo, sanyi da duhu sun kusa zautar da ni. Wata rana a watan Afrilu na fito zan je kasuwa, ina shan kwana sai ga wani itace a ƙofar gidan wasu, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, fure ne tun daga sama har ƙasa, ruwan hoda mai haske. Na tsaya da jaka a hannu na saki baki har wata mata ta tambaye ni ko na ɓata hanya ne. Da na dawo na kwatanta wa maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ba shi da aiki sai hidimar furanninsa. Ta saman katangar katakon da ta raba mu muke gaisawa. Ya faɗa mini sunan itacen, ceri, ya kuma ce irin wannan ba ya 'ya'ya.

Na ce, "To na mene ne?"

Ya ce, "Na kallo."

Dariya na yi masa. Ni 'yar mai lambu ce. A gidanmu ba a shuka abin da ba za a ci ba, ko a sha inuwarsa, ko a jiƙa a sha don ciwon ciki. Amma da kaka ta zo na bi tsohon nan wurin masu sayar da dashe, na zaɓi guda wanda ya ɗan fi ni tsayi, na rungumo shi a bas mutane suna kauce wa rassansa. Da kaina na haƙa ramin, yatsuna sun sandare don sanyi. Na kafa masa sanda na ɗaure shi da tsohon ɗankwalina don kada iska ta kayar da shi.

Shekara huɗu ina renonsa. Da baƙaƙen ƙwari suka nannaɗe masa ganye, da ruwan sabulu na bi shi ganye ganye. Da aka yi wata bazara mai zafi har aka hana ban ruwa da tiyo, ruwan ɗaurayar wanki na riƙa tarawa a bokiti ina kai masa safe da yamma. Tsohon ya koya mini abubuwa da yawa, amma akwai guda da ya maimaita har na gaji da ji: kada ƙarfe ya taɓa ceri a lokacin sanyi. Idan ya zama dole a rage reshe, a bari sai tsakiyar bazara, ranar da babu ruwa. Ya ce idan aka yi masa rauni cikin danshi da sanyi, wata cuta ce ke shiga ta wurin ta cinye shi daga ciki.

Shekarar farko fure bakwai ya yi, na ƙirga su. Ta biyu ya ɗan ƙara. Ta uku ya yi abin da har mai kawo madara ya leƙo ya yaba. Duk wannan ina rubuta wa Inna, mahaifiyata, ƙanwata tana karanta mata a Kano. Inna mace ce mai hannun shuka, tsakar gidanta akwai rumman da zogale da lalle, kuma ba ta yarda da ni ba. Amsar da ta sa aka rubuto mini ita ce wai itace mai fure babu ganye kuma babu 'ya'ya, ko dai sanyi ya taɓa mini kai ne. Na aika mata hoto. Hoton baƙi da fari ne, itacen ya fito kamar an watsa gari a iska, kuma ko da ya fito da kyau ba za ta gani ba, don a lokacin idonta ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Mijina ya ce ganin yana rufewa ne daga gefe, a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Shi ya yi mata booking wurin wani likitan ido a Marylebone. Aka ba mu zaɓin lokaci, ni na ce Afrilu. Na ce wa mijina saboda sanyi ne, tsohuwa ba za ta iya ba, kuma gaskiya ne. Amma abin da ke raina shi ne Inna ta ga itacena cike da fure da sauran ganin da ya rage mata. Na san ba za a yi zuwa na biyu ba. Tun Disamba nake fita ina duba rassan. Duk sun cika da ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwan ƙasa, waɗanda su ne za su buɗe su zama fure. Tsohon ya leƙo ya ce bana za ki sha kallo.

A Janairu wan mijina ya sauka.

Dole in faɗi ko shi wane ne a wurinmu. Mahaifinsu ya rasu mijina yana ƙarami, shi ya riƙe shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya je neman aurena. A suna wan mijina ne, amma matsayinsa na uba ne, ni kuwa surukina ne sosai. Ban taɓa faɗin sunansa ba, Yaya nake cewa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. A durƙushe nake gaishe shi, idona a ƙasa, kuma ban taɓa fara masa magana ba sai dai ya yi in amsa. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ina alfahari da hakan. Shi kuma har na shekara bakwai a gidan ƙaninsa bai daina ce mini amarya ba. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum ne da ba ya iya zama, kuma kafin ya shiga kwangila ya taɓa aiki a gandun daji, shi ya sa yake ganin duk itacen da ke duniya ɗalibinsa ne.

Kwanansa biyu ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya sauya wa kujeru wuri. A rana ta uku ina ajiye musu shayi na ji ya tambayi mijina, yana nuna taga da cokali.

"Wancan itacen na mene ne?"

"Na fure ne, Yaya. Ita ta dasa."

"Yana 'ya'ya?"

"A'a."

"Ina zai yi? An bar shi ya yi tsirin banza. Aski yake so. Darbejiyar ƙofar gidana duk rani nake sa a datse ta, ka ga yadda take dawowa da damina."

Da muka keɓe na ce wa mijina don Allah ya gaya wa Yaya wannan ba darbejiya ba ce, kada ya taɓa shi. Ya ce, "Haba, magana ce kawai irin tasa. Mutumin da ya zo ganin injunan kwangila, ina shi ina itace?" Na ce ya dai gaya masa. Ya ce to. Bai gaya masa ba. Likita guda, mai shiga ɗakin tiyata ya ba Turawa umarni, ya kasa haɗa kalma biyar a gaban wansa.

Bayan kwana biyu, mijina yana asibiti, tsohon maƙwabcin ya tafi wurin 'yarsa a wani gari. Ina kicin bayan azahar sai na ji ƙarar ƙofar ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarshen garden. Na ɗaga kai. Ga Yaya ya fito da zarto a hannu ɗaya, tsani a ɗaya, ya ɗora kwat ɗin sanyi a kan babbar riga, ya naɗe hannuwa. Ana yayyafi.

Na buɗe ƙofar baya na tsaya a kan dakali. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Ya juyo ya yi mini murmushi.

"Amarya, koma ciki, akwai sanyi. Yau zan gyara miki shi."

Na ce, "To, Yaya."

Na koma ciki. Na ruga wurin tarho na kira asibiti, aka ce likita yana tare da marar lafiya, a bar saƙo. Wane saƙo zan bari? In ce wa Baturiya ta gaya masa wansa yana kan tsani? Na ajiye. Na dawo taga na tsaya, ina jin kukan zarton har cikin haƙorana. Reshen farko ya faɗo. Na ce a raina ƙila ɗaya ko biyu zai rage. Ina. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ja da baya yana karkata kai yana dubawa kamar wanzami, ya sake hawa. Sau uku ina kama marfin ƙofa ina saki. Duk lokacin da na kama sai in ji yadda za a ba da labarin a Kano: matar likita ta yi boko, ta zauna a London, har ta buɗe baki ta hana wan mijinta aiki a gidan ƙaninsa. A kan me? A kan itacen da ba ya ko 'ya'ya.

Kafin la'asar ya gama. Abin da ya rage kututture ne da guntayen rassa biyar, kamar hannun da aka datse wa yatsu. Bai tsaya nan ba. Ya nemi farar ƙasa bai samu ba, sai ya tono ragowar fentin bango a ɗakin ajiya ya shafe gindin fari fat har gwiwa, irin yadda ake yi wa itatuwan bariki. Ya tattara rassan ya ɗaure su dami biyu, tsaf, ya jingine a katanga. Ya shigo yana goge hannu, fuskarsa cike da jin daɗi. Na durƙusa na ce masa sannu da aiki. Ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Da mijina ya dawo ya leƙa ta taga, ya daɗe bai juyo ba. A ɗaki na sauke masa duk abin da na kasa sauke wa wansa, da murya ƙasa ƙasa don kada baƙo ya ji, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ko faɗan ma a raɗa na yi shi. Ya ce, "Me kike so in ce masa? Mutumin da ya riƙe ni? A kan itace?" Na ce itace ne a wurinka. Ya ce zai saya mini wani. Na ce ya sayo har da shekara huɗun, ya kuma sayo wa Inna ido. Ni ma na san na kai maƙura, amma ban janye ba kuma har yau ban janye ba.

Yaya ya ƙara mako guda ya tafi da akwatuna tara. A bakin ƙofa ya bar wa ƙaninsa wasiyya cewa duk shekara a riƙa maimaita askin, kada a yi sakaci.

Ranar da tsohon maƙwabcin ya dawo, ina jin sa ya fito garden ɗinsa yana fito da baki, sai fiton ya tsaya. Na fita. Ya dubi itacen, ya dubi fentin, ya dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Wan mijina."

"Ba kya gida?"

"Ina gida."

Ya jira in ƙara bayani. Turancina ya ishe ni sayen nama da gardama da mai gyaran famfo, amma bai ishe ni in fahimtar da tsohon Bature dalilin da zai sa mace ta tsaya tana kallo ana sare abinta ba. Ya ce fure dai babu bana, babu baɗi. Itacen zai yi toho da bazara, kada in yi murna, sai an ga abin da ya shiga ta raunukan. Sannan ya ce in kwance damin in zaɓi rassa masu ƙulli in tsoma a ruwa a wuri mai ɗumi. Na tsoma su a bokiti a kicin. A Fabrairu suka buɗe, 'yan furanni ƙanana, kodaddu, a cikin bokitin wanki kusa da murhu. Kwana shida suka yi suka zube. Saura wata biyu Inna ta zo.

Ta sauka a Afrilu, ta rame, tana tafiya tana juya kai gaba ɗaya don ta ga abin da ke gefenta. Likitan Marylebone ya duba ta ya faɗi abin da mijina ya riga ya faɗa. Ya ba da maganin ɗigawa don a ja abin da ya rage, ya ce yanzu kamar ta cikin ƙaramar huda take kallon duniya. Kwana uku ina hana ta fita baya, in ce ƙasa a jiƙe take, in ce akwai santsi. A rana ta huɗu na riƙe hannunta na kai ta wani layi kusa da mu inda aka jera ceri a gefen titi, duk sun buɗe. Na tsayar da ita a ƙarƙashin wanda ya fi cika. Ta ɗaga kai tana bin sa a hankali, reshe reshe, da ɗan ganin nan nata.

"Ikon Allah. Ashe ba ƙarya kika yi ba." Ta sauke kanta. "Wannan na wa ne?"

"Na council ne, Inna. Na hukuma."

"To ni ba na hukuma na zo gani ba. Mu je ki nuna mini naki."

A hanya na shirya abin da zan ce. Ba a kai ƙarar suruki wurin uwa, wannan ma an koya mini. Da muka tsaya a gaban kututturen na ce mata sanyin bana ne ya yi yawa, ya ƙone shi. Ta saki hannuna ta matsa, ta shafa gindin, ta kankare fentin da farce ta sunsuna. Ta miƙa hannu sama ta lalubo inda aka yanke reshe, ta zagaya bakin yankan da babban yatsa, ta koma na kusa da shi.

"Sanyin garin nan da zarto yake yawo?"

Na sunkuyar da kai.

"Mijinki?"

"A'a."

"Wansa ke nan. Na ji an ce ya zo." Ta goge hannu a zaninta. "Ke kina ina?"

Na gaya mata duka, har da dakalin da na tsaya a kai da abin da na amsa masa. Ina faɗa ina kuka, amma can ƙasan raina ina jiran ta sa mini albarka. Ita ta koya mini kunyar nan. Na yi asarar itacena don in riƙe tarbiyyarta, ai ko ba komai ta ce na kyauta.

Ta ja tsaki. Inna da ba ta tsaki.

"Wa ya ce ki hana shi? Ana hana suruki ne? Kakanki na wajen uba ya taɓa ɗauko gatari zai sare rumman ɗin tsakar gidana, wai yana tara macizai. Ban ce masa uffan a kan rumman ba. Na je na durƙusa na ce Baba, na dama fura, kada ta tsinke. Ya jingine gatarin ya zauna. Babba ba zai bar surukarsa a durƙushe da ƙwarya a hannu ba. Kafin ya shanye, gatarin ya shige ƙarƙashin gadona, wata uku ya yi a can. Aka nema aka gaji, shi ma ya manta. Rumman ɗin da kika tashi kina sha ke nan." Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya don ta same ni a cikin ɗan ganinta. "Kin kwaso kunyar kin taho da ita Ingila, kin bar dabarar a gida. Da sai ki ce masa abinci ya sauka."

Ta sake dafa kututturen, ta ce Allah ya ba shi lafiya, kamar mai gaida marar lafiya, ta ce in mayar da ita ciki ƙafafunta sun yi sanyi.

Ta koma Kano bayan mako uku. Da bazara itacen ya yi toho, mijina har ya rubuta wa Yaya, Yaya ya aiko cewa ai ya faɗa. Shekarar da ta biyo ganyen ya koma ruwan toka, ƙaro ya riƙa tsatsowa daga bakin yankan, rassan suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu tone shi, ƙanwata ta rubuto cewa Inna ta daina bambance dare da rana.

Na yi fushi da Yaya shekara da shekaru, na yi da mijina, kuma ba na cewa ban da gaskiya. Amma akwai abin da ban gaya wa Inna ba a ranar, ban kuma gaya wa kowa ba. Lokacin da Yaya ya jingina tsaninsa, shinkafa da miyar kaza suna gefen murhu a bayana, na riga na sauke, na rufe, ina jira ne kawai ya shigo in zuba masa.